Waiwaye Adon Tafiya: Kalmar "Retrospection" da Danginta

'Yan'uwana ɗalibai, wannan darasi da zan kawo muku ba a ajin kwaleji na same shi ba. Wani yaro ne ya tilasta mini koyonsa a garin Assakio, sa'ad da aka tura ni aikin gwajin koyarwa. Na ga ya kamata in rubuta shi a shafuffukanmu na Hausa domin waɗanda za su fita bayanmu, gama an ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Assakio yana cikin ƙasar Lafia, a Jihar Nasarawa, bisa hanyar da ta tashi daga Lafia ta nufi Shendam. Garin Alago ne, amma akwai Eggon da Hausawa da waɗansu kabilu zaune tare da su, yawancinsu manoman doya da shinkafa. Yaro a can ya kan tashi da harshen gidansu, ya ɗauki Hausa a kasuwa da wurin wasa, sa'an nan ya zo makaranta mu aza masa Turanci na uku. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Ran nan ina koya wa aji uku na ƙaramar sakandare Turanci. Muna cikin karatu sai muka iske kalmar "retrospection". Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, mece ce ma'anarta?" Ni kuwa ban shirya kalmar ba, na dai ratsa ta da ido da dare na wuce. Don kada a ga gazawata sai na ce, "Tunawa ke nan." Wani yaro daga bencin baya ya miƙe ya ce, "Malam, da safe na manta inda na ajiye birona, daga baya na tuna. Ashe na yi retrospection ke nan?" Aji duka ya fashe da dariya. Na zaci ba'a ya ke yi mini, na daka masa tsawa, na tsai da shi a bakin ƙofa har aka buga ƙararrawa.

Malaminmu mai duba aikin gwaji yana zaune a baya, bai ce uffan ba. Da muka fita sai ya kira ni gefe ya ce, "Malam, yaron nan ya fi ka gaskiya. Je ka duba ƙamus, gobe ka biya shi bashinsa." Na ce, "To, ranka ya daɗe." Daren nan ban yi barci da wuri ba. Ga abin da na samo.

Asalin kalmar

Kalmar guntaye uku ce aka haɗa, dukansu daga harshen Latin, watau harshen Rumawan dā. "Retro" ma'anarsa baya. "Spec" ya fito daga "specere", watau duba. "Tion" kuwa wutsiya ce wadda ta kan mai da aiki ya zama suna. In ka haɗa su ka sami duban baya. Da Hausa muna da kalma guda wadda ta ɗauke su duka: waiwaye.

Amma ba waiwayen wuya a ke nufi ba, na zuci ne. Retrospection shi ne mutum ya koma da hankalinsa da gangan kan abin da ya riga ya wuce, ya bi shi daki-daki, ya auna shi da sanin da ya ke da shi yanzu. A nan ya rabu da tunawa. Tunawa ta kan faɗo wa mutum ko bai neme ta ba, ba ta kuwa yanke hukunci. Wanda ya tuna inda ya ajiye biro ya tuna ne kurum. Wanda ya zauna ya ce, "Me ya sa kullum na ke ɓatad da biro, yaya kuma zan gyara?" shi ne ya yi waiwaye.

Tana da siffa uku da ya kamata yara su sani. "Retrospection" suna ne na aikin. "Retrospect" an fi jinsa cikin "in retrospect", watau in an waiwaya, ko kuwa yanzu da abin ya wuce. "Retrospective" sifa ce, ta abin da ya ke duban baya ko ya ke aiki a kan baya.

Kada ku ɗauka wannan ta uku kalmar jarrabawa ce kawai. A shari'a, dokar da a ke kira retrospective ita ce wadda aka kafa yau amma ta kama abin da mutum ya aikata tun ba a yi ta ba. A 1985 an harbe mutum uku a Legas saboda laifin miyagun ƙwayoyi, bisa Doka ta 20 ta 1984, wadda gwamnatin soja ta mai da aikinta baya, aka kuwa yi ta gardama a kan haka. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a sashi na 4, ƙaramin sashi na 9, ya hana majalisun dokoki yin irin wannan doka game da laifi, da wannan kalma kuwa ya hana. Yaron da ya san ta ya san wani abu na haƙƙinsa.

Yadda Latin ya shiga Turanci

Mai karatu zai ce, me ya kai harshen Rumawa bakin Turawan Ingila? A 1066 William mai mulkin Normandi ya ƙetaro daga Faransa ya ci Ingila da yaƙi. Daga nan Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a shekaru masu yawa, Faransanci kuwa ɗan Latin ne. Bayan haka, a ƙarni na 16 da na 17, malaman Ingila suka yi ta aron kalmomi daga Latin kai tsaye. Retrospection tana cikin waɗanda suka shigo a ƙarni na 17. Shi ya sa Turanci ya kan zama da kalma biyu ga abu guda, ta gida da ta littafi: "look back" ta gida, "retrospection" ta littafi.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, gama haka Hausa ta yi da Larabci. Muna da duba da gani na gida. Muna kuma da nazari, wanda tushensa a Larabci duba ne, da basira, wadda tushenta ganin ido ne, da ra'ayi, wanda shi ma daga gani ya fito. Ashe mutane nesa da juna sun yarda hankali wani ido ne. Bature ya ce "I see" sa'ad da ya gane, Bahaushe ya ce, "A ganina."

'Yan ɗaki ɗaya

Da na gane "spec" duba ne, sai na ga ƙofofi suna ta buɗewa. Guntun da ke gaba shi ya ke nuna inda ido ya nufa. Ga goma daga cikinsu:

1. Inspect: "in" ciki ne. Duba cikin abu don a ga ko yana daidai. Daga "inspector" muka sami sufeto. Jami'in tsabta kuwa kakanninmu ba su ari sunansa ba, fassara shi suka yi, suka ce duba-gari.

2. Prospect: "pro" gaba ne. Abin da a ke hange zai zo. Ita ce kishiyar retrospect.

3. Introspection: "intro" can ciki ne. Mutum ya duba zuciyarsa, ya binciki kansa.

4. Circumspect: "circum" kewaye ne. Mai duba gabas da yamma kafin ya taka, watau mai taka-tsantsan.

5. Expect: "ex" waje ne. Leƙa waje don abin da a ke jira. Mu ma mu kan ce wa baƙo, "Muna ta duban hanya."

6. Suspect: daga "sub", ƙarƙashi. Kallon ƙasa-ƙasa, watau zargi.

7. Respect: "re" sāke ne ko baya. Wanda ka ƙara dubansa ba ka wuce shi kamar kara ba. Mu kan ce ganin girma.

8. Despise: "de" ƙasa ne. Duban mutum daga bisa, watau raini.

9. Spectator: ɗan kallo, irin na filin ƙwallo.

10. Spectacles: tabarau. In babu harafin ƙarshe, "spectacle", abin kallo ke nan.

Sai dai gargaɗi guda. Tushe ja-gora ne, ba alƙali ba. Ma'ana ta kan yi tafiya ta bar inda aka haife ta, akwai kuma kalmomi masu kama da dangi alhali bare ne. "Speak" da "speck" ba su haɗa kome da "specere" ba. Ka sa yaro ya yi zato da tushe, sa'an nan ya tabbatar a ƙamus.

Wajen faɗa kuma a lura. Bakinmu bai saba da baƙaƙe biyu a jere ba, ya kan kuma mai da "p" ta zama "f". Ku dubi abin da muka yi wa inspector har ya zama sufeto. A Hausa wannan daidai ne, amma a ajin Turanci sai a sa yara su rufe leɓɓa sosai a kan "p". Nauyin murya a "retrospect" yana kan gaɓar farko, a "retrospection" kuwa yana kan "spec".

Kalmomin yau da kullum

Waɗancan na littafi ne. Inda yaranmu suka fi tuntuɓe shi ne ƙananan kalmomi uku: see, look, watch. Maganin kuwa yana bakinsu, gama Hausa ta riga ta raba su.

"See" gani ne. Ba ya bukatar niyya, in ido a buɗe ya ke zai gani. "Look" duba ne, ka juya ido da nufi. "Watch" kallo ne, ka daɗe kana bin abin da ke motsi ko faruwa. Ka ga mota ta wuce, ka duba lambarta, ka kalli wasan ƙwallo. Ba Bahaushen da zai ce ya je duban dambe, haka nan ba a cewa "I am looking television". Abu na biyu, "look" ba ya taɓa abin da a ke duba sai da "at" a tsakani. "Look me" maganar kasuwa ce, a takarda sai "look at me".

Ga sauran, kowace da abokiyarta:

Glance: duba sau ɗaya a gaggauce, a kau da kai.
Glimpse: ganin wulgawa, abin bai tsaya ka ƙare masa kallo ba.
Stare: ƙura ido ba ƙiftawa, irin wanda a kan tsawata wa yaro a kansa.
Gaze: zuba ido a natse, don sha'awa ko zurfin tunani.
Glare: harara, ko zare ido cikin fushi.
Peep: leƙe, ta kafar ƙofa ko ta kan danga.
Peer: ƙanƙance ido don abin bai fito sosai ba, kamar tsoho mai zura zare a allura.
Observe: lura, kallon mai neman sani.

Akwai wata al'ada da ya kamata a faɗa wa yara a nan. A wurinmu yaro mai ladabi ya kan sunkuyad da kai gaban babba. A labaran Turawa kuwa, wanda ya ƙi haɗa ido da mai yi masa magana sau da yawa alama ce ta rashin gaskiya. In ba a bayyana wannan ba, yaro zai karanta labari ya ɗauki ɓarawo mai kunya ne.

"Look" da 'yan rakiyarsa

Kalmar "look" ta kan sāke ma'ana bisa ga ƙaramar kalmar da ta biyo ta. "Look for" nema ne. "Look after" kula da abu ne, kamar reno ko kiwo. "Look into" bincike ne. "Look out" a yi hattara. "Look up to" ganin girma, "look down on" raini. "Look forward to" ɗokin abin da ke tafe, aikin da ya bi shi kuwa sai ya ɗauki "ing": "I look forward to seeing you". "Look back on" shi ne waiwayenmu.

Ku lura da abin da ya faru. Look into ita ce inspect, look down on ita ce despise, look back on ita ce retrospect. Magana ɗaya ce, an sa mata rigar gida da rigar fita. In yaro ya gane haka, tsoron dogayen kalmomi ya kan ragu.

Biyu kuma masu yaudara: "oversee" shugabantar aiki ne da sa masa ido, "overlook" kuwa sau da yawa tsallake abu ne ba a lura ba, ko kau da kai daga laifi. Mai neman aiki da ya musanya su a takarda ya yabi kansa da sakaci.

Yadda na biya bashin

Kashegari da na shiga aji, kafin kome, na kira yaron nan na ce, "Jiya tambayarka mai kyau ce, amsata ce gurguwa. Na hore ka a kan kuskurena, ka yi haƙuri." Aji ya yi tsit. Bai ce kome ba sai "Ba kome, Malam," amma daga ranar ya dawo bencin gaba.

Sa'an nan ban fara da Turanci ba. Na ce su kawo mini dukan kalmomin Hausa na aikin ido. Kafin minti goma allo ya cika: gani, duba, kallo, leƙe, hange, tsinkaya, harara, ƙura ido, satar kallo, ƙyalla ido, lura, waiwaye. Waɗansu suka ƙara da na Alago da na Eggon, suka koya mini faɗarsu, suna dariyar bakina. Kowace kalma na sa wani ya fito ya yi ta a aikace, ɗaya ya leƙo ta taga, ɗaya ya tafi bakin ƙofa ya waiwayo. Wajen harara 'yan mata suka cinye gasar. Bayan an yi aikin, kāna na rubuta ta Turanci a gefenta. Yaran da na ɗauka ba su san kome ba, ashe sun zo da rabin darasin daga gida. Harsunan nan da mu kan ɗauka kaya ne a kansu, su ne tsanin.

Yarinyar da ta fara tambaya ta sāke ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai waiwaye ba shi da kyau. Matar Lutu ta waiwaya ta halaka." Kiristocin aji da Musulminsa duk sun san labarin, suka ce haka ne. Na ce ta ba ni kwana ɗaya, gama na koyi kada in amsa abin da ban auna ba.

Da maraice na kai maganar wurin dattijon da na sauka a gidansa. Mutanen Assakio sun ga tashin hankali a 2012 da 2013, an ƙone gidaje, jama'a da yawa suka yi gudun hijira, shi ma yana cikinsu. Na ce, "Baba, waiwaye alheri ne ko sharri?" Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ɗana, iri biyu ne. Mai huɗa in ya kai ƙarshen kunya ya kan juyo ya duba ko ta miƙe, don ta gaba ta fi ta kyau. Wannan na gyara ne. Akwai kuma mai tafiya wuyansa a baya, yana hararar inda ya fito. Wannan rami zai faɗa. Mu nan mun san su duka biyu, kullum kuwa sai mutum ya zaɓa." Na kai wa aji amsar yadda ya faɗe ta. Na ƙara da cewa irin na farko shi ya kamata su nufa in sun ce retrospection, gama mai yinsa yana auna abin da ya wuce ne, ba zama ya ke yi a cikinsa ba.

Aikin gida na ba su jimla uku-uku masu farawa da "In retrospect". Yaron nan ya rubuta, "In retrospect, the teacher was angry because he did not know the answer." Na duba nahawu, ba kuskure. Na duba ma'ana, ba ƙarya. Na ba shi maki cikakke.

Waiwayen malami

John Dewey, masanin ilmin koyarwa na Amurka, ya nuna a littafinsa How We Think na 1910 cewa tunani mai zurfi ya kan fara ne sa'ad da mutum ya gamu da abin da ya ɗaure masa kai. Mu kuwa mun san yadda mu ke yi da gurbin nan na ƙarshe a takardar shirin darasi, inda a ke so malami ya faɗi yadda darasi ya tafi. Da yawanmu mu kan rubuta cewa ya yi kyau tun ba mu shiga aji ba. Ni ma na yi. Yanzu kowace yamma na kan amsa tambaya uku a rubuce. Me na yi niyyar koyarwa? Me yara suka koya a gaskiya, kuma da me na sani? Wane yaro ne na tsallake ko na ƙware? Minti goma sun isa, in dai ba a yi wa kai ƙarya ba.

Aikin gwaji

Ga abin da za ku iya ba ajinku, ko ku fara gwada kanku:

1. A raba waɗannan guntu-guntu, a faɗi ma'anar kowane guntu: inspection, prospective, disrespect, unexpected.

2. A zaɓi see, look at ko watch, a fassara: Na ga wata jiya. Dubi allo. Mun kalli kokawa a dandali.

3. A kawo kalmar Turanci guda ga kowace: leƙe, harara, ƙura ido, lura.

4. A bayyana bambancin "look for" da "look after", kowace da jimla.

5. A rubuta layi goma a kan wani kuskure da aka yi a zangon da ya wuce, a fara da "In retrospect", a ƙare da abin da za a sāke.

Wanda ya gwada wannan a ajinsa, ina roƙo ya rubuto wa Edita yadda ta kaya, musamman in yaransa sun kawo kalmomin ido na harsunansu waɗanda ba mu da su. Allah ya ba mu haƙurin sauraron yara, ya sa mu fita aikin gwaji lafiya.